Tarihin adadi guda: 18 446 744 073 709 551 615, daga gidajen dara zuwa rabon Euler

Gabatarwa

Adadin da wannan ƙasida za ta bi tarihinsa yana da alƙaluma ashirin: 18 446 744 073 709 551 615. Shi ake samu idan an ajiye 1 a gida na farko, 2 a na biyu, 4 a na uku, ana ruɓanyawa har gida na 64, sannan a tara duka. A rubutun masana lissafi, 2⁶⁴ − 1 ke nan. Dalilin da ya sa muka zaɓe shi shi ne, an san ƙimarsa daidai tun wajen shekara ta 1000, amma sai a shekara ta 1732 aka gano abin da ya ɓuya a cikinsa. Tsakanin sanin girmansa da sanin gaɓoɓinsa akwai shekara 700 da ɗoriya, kuma wannan tazara ita ce abin da muke son mu duba.

Da yake kalmomin wannan fanni ba su gama zama a Hausa ba, ga waɗanda za mu yi aiki da su. Adadin da ba ya rabuwa sai da 1 da kuma kansa, kamar 3, 5 ko 17, wanda Larabci ke kira awwal, Faransanci kuma nombre premier, za mu kira shi "ɗan asali", jam'i "ƴan asali". Mun guje wa "adadin farko" don yana rikita mai karatu da adadin da ya zo a farkon jeri. Wanda ke rabuwa, kamar 15, "haɗaɗɗe" ne, ƴan asalin da aka ninka aka same shi (3 da 5) su ne "gaɓoɓinsa". Cika da mara kuwa kalmomi ne da Hausa take da su tun da can.

1. Zamanin tambayar girma

A littattafan Larabci adadin ya shigo ne tare da darar shaɗaranji, mai gida 64. Labarin da ya fi shahara shi ne wanda alƙali Ibn Khallikan (1211-1282) ya kawo a cikin Wafayat al-A'yan, a tarihin Abubakar al-Suli, gwanin wannan dara. Wani mai hikima na ƙasar Hindu, Sissa ɗan Dahir, ya ƙago darar ya kai wa sarki. Sarki ya ce ya faɗi ladarsa. Ya roƙi ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, a ruɓanya masa gida bayan gida har ƙarshe. Sarki ya rena roƙon, sai da ma'ajinsa suka dawo suka ce alkamar duniya ba ta isa.

Abin da ya fi labarin amfani ga mai tarihi shi ne ƙarin da Ibn Khallikan ya yi daga bakinsa. Ya ce shi kansa ya yi shakkar maganar, har wani mai lissafi na Iskandariya ya warware masa ita da awo. A gida na 16 akwai ƙwaya 32 768, a ɗauke su a matsayin mudu guda. A ci gaba da ruɓanya mudu har a gida na 40 a cika rumbu guda. A gida na 50 rumbuna sun kai 1 024, a ɗauke su a matsayin birni guda. A gida na 64 birane sun kai 16 384, kuma babu birane masu wannan yawa a duniya. Dabarar mutumin Iskandariya ita ce canza ma'auni duk lokacin da adadi ya fi ƙarfin tunani. Da awon yau, idan ƙwaya dubu ta kai nauyin giram 40, jimillar ta wuce tan miliyar 700, wato kusan abin da duniya za ta noma na alkama a shekara dubu bisa yawan noman yanzu.

To amma tun fiye da ƙarni biyu kafin Ibn Khallikan, al-Biruni, mutumin Khwarizm da aka haifa a 973, ya riga ya fitar da adadin daidai a cikin al-Athar al-Baqiya, wanda ya rubuta wajen shekara ta 1000. Bai ruɓanya sau 63 ba. Ya lura cewa idan aka ninka abin da ke wani gida da kansa, ana tsallakawa zuwa gidan da ke gaba da nisa daidai da wanda aka riga aka yi daga farko. Gida na 5 yana da 16. 16 sau 16 shi ne 256, gida na 9. 256 sau kansa 65 536, gida na 17. Wannan sau kansa 4 294 967 296, gida na 33. Wannan kuma sau kansa shi ne abin da zai kasance a gida na 65 in da akwai shi. Da yake kowane gida ya fi jimillar duk waɗanda suka gabace shi da 1 kacal, sai a cire 1, an sami jimillar gida 64. Ninkawa huɗu da ragi ɗaya, aiki ya ƙare. Wannan hanya ta maimaita murabba'i ita ce har yau kwamfuta ke bi wajen irin wannan lissafi.

Al-Biruni ya rubuta sakamakon iri uku: da alƙaluman Hindu, da haruffan abajada (irin lissafin da malamanmu ke yin ramzi da shi a ƙarshen waƙa), da kuma lissafin sittin-sittin na masana taurari, inda ya fito kamar haka: 30, 30, 27, 9, 5, 3, 50, 40, 31, 0, 15. A ganinmu wannan tsari kariya ce daga kuren masu kwafi, domin in an ɓata alƙalami ɗaya cikin ashirin, sauran rubutun biyu za su tona. Mai shakka yana iya raba adadin da 60 sau goma a jere, ragowar za su fito masa daga 15 zuwa baya.

A riƙe wannan: adadi 4 294 967 296 ya bi ta hannun al-Biruni. Da ya ƙara masa 1, da ya riƙe adadin da zai ka da Fermat bayan ƙarni shida. Amma tambayarsa ta girma ce, haka ma ta Leonardo na Pisa da ya sake kawo matsalar a Liber Abaci a 1202.

2. Matsalar suna

Kafin mu ci gaba, akwai wani cikas da ya shafe mu kai tsaye. Yaya ake kiran wannan adadi da Hausa? Larabawan da suka rubuta shi ba su da kalma sama da alf, sai su jera ta: 18 da "dubu" shida a jere, 446 da "dubu" biyar, haka har ƙasa. Hanyar tana da tsawo amma ba ta da ruɗani, kuma tana kama da zambar dubu ta lissafin wuri.

Ruɗani ya zo ne da kalmomin aro. Nicolas Chuquet, a 1484, ya tsara sunayen Faransanci bisa miliyan: billion miliyan sau miliyan, trillion miliyan sau uku a jere. Faransa ta yi ta kai da komo a kan wannan tsari, har dokar 1961 ta tabbatar da shi. Amurka kuwa tana hawa da dubu-dubu, kuma gwamnatin Ingila ta bi ta a 1974. Sakamakon haka, Bahaushen Maraɗi yana cewa miliyar, na Katsina yana cewa biliyan, abu guda suke nufi. Amma tiriliyan da ake ji a kasafin kuɗin Najeriya 1 ne da sifiri 12, alhali trillion na littafin Faransanci 1 ne da sifiri 18. Ɗayan ya ninka ɗayan sau miliyan. Adadinmu trillion 18 ne da ɗoriya a ajin lissafi na Yamai, a rediyon Kano kuwa wannan suna zai rage shi ƙwarai. Shawararmu ga masu fassara ita ce a tsaya kan kalmar da ba ta da fuska biyu, a ce miliyar 18 sau miliyar.

3. Azuzuwan mutanen da

Rarraba adadi aji-aji ya zo wa malaman Bagadaza ne daga Girkawa, musamman littafin Nicomachus na Gerasa (wajen shekara ta 100), wanda Thabit ibn Qurra, da ya rasu a 901, ya mayar Larabci. Ban da cika da mara, da ɗan asali da haɗaɗɗe, akwai rabo na uku bisa jimillar masu raba adadi, ban da shi kansa. In jimillar ta yi daidai da shi, kammalalle ne (tamm), kamar 6 = 1 + 2 + 3, ko 28. In ta wuce shi, mai rara ne (za'id), kamar 12. In ta kasa, mai giɓi ne (naqis), kamar 8.

Ajin farko da na biyu ba su da wuya a nan. Adadinmu mara ne. Yana ƙarewa da 5, don haka 5 na raba shi. Jimillar alƙalumansa 87, saboda haka 3 na raba shi, 9 ba ya raba shi. Haɗaɗɗe ne ke nan, yaron firamare ma zai gani. Aji na uku kuwa yana bukatar a san masu raba shi, kuma nan ne aiki yake.

Akwai kuma wata alaƙa da Euclid. A ƙarshen littafi na 9 na Usul ɗinsa ya nuna cewa, in ana tara 1, 2, 4, 8 har jimillar ta zama ƴar asali, to jimillar sau adadin ƙarshe tana ba da kammalalle. Wannan jeri shi ne na gidajen dara. A cikin gida 64, jimillar tana zama ƴar asali a wuri tara kawai: gida na 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31 da 61. An daɗe kafin a tabbatar da na ƙarshen: Cataldi ya yi na 17 da 19 a 1588, Euler na 31 a 1772, Pervushin na 61 a 1883. Marin Mersenne, wanda irin wannan adadi ke ɗauke da sunansa, ya tsallake 61 a jerinsa na 1644, ya saka 67 wanda haɗaɗɗe ne. Gida na 64 ba ya ma cikin takara, tunda sai lambar gidan ta zama ƴar asali jimillar take da damar zama haka.

Yanzu a bi sawun al-Biruni a komo baya. Murabba'i in an cire masa 1 yana rabuwa biyu: tushen da ƙarin 1, sau tushen da ragin 1. Don haka 2⁶⁴ − 1 shi ne 4 294 967 297 sau 4 294 967 295. Na biyun shi ma murabba'i ne da ragin 1, sai ya rabu zuwa 65 537 sau 65 535. A ci gaba haka har ƙasa, a sami:

3 × 5 × 17 × 257 × 65 537 × 4 294 967 297

Biyar na farko ƴan asali ne, kuma tabbatar da haka aikin yini ɗaya ne da alƙalami. Duk wahalar ta taru a na shida.

4. Kuren Fermat da rabon Euler

Pierre de Fermat, ma'aikacin shari'a a babbar kotun birnin Tuluz, ya rubuta wa Frénicle de Bessy a watan Agusta na 1640 cewa yana da kusan yaƙinin duk adadin da ke cikin wannan jeri ɗan asali ne. Ya lissafa su: 3, 5, 17, 257, 65 537, 4 294 967 297, da na bakwai, 18 446 744 073 709 551 617, wanda ya fi adadinmu da 2 kawai. Ya amsa cewa ba shi da cikakkiyar hujja. Ya sake maganar a wasiƙarsa ga Pascal a 1654, har yanzu ba hujja. Da maganarsa ta tabbata, da adadin dara yana da gaɓoɓi shida da masu raba shi 64, ɗaya ga kowane gida. Abin ya yi kyau ƙwarai, sai dai ba haka yake ba.

A watan Disamba na 1729 Christian Goldbach ya ja hankalin Leonhard Euler, matashi a makarantar kimiyya ta San Fitasbag a Rasha, zuwa ga wannan magana ta Fermat. A 1732 Euler ya gabatar da amsa:

4 294 967 297 = 641 × 6 700 417

A takardar farko bai bayyana yadda ya samo 641 ba. Bayan shekara goma sha biyar ya kawo hujjar cewa duk ɗan asalin da zai raba wannan adadi dole ya kasance ninkin 64 da ƙarin 1. Wannan ya rage masu takara ƙwarai: 193, 257, 449, 577, 641. Rabo na biyar ya buɗe ƙofa. Édouard Lucas ya ƙara matse sharaɗin a 1878 zuwa ninkin 128 da ƙarin 1, inda 641 ya zama na biyu a layi, bayan 257. Da wannan sharaɗi ɗalibi zai iya tabbatar da cewa 6 700 417 ɗan asali ne da rabo biyar kacal, wato da 257, 641, 769, 1 153 da 1 409, domin tushen murabba'insa bai kai 2 589 ba.

Akwai wata gajeriyar hujja ta baya-bayan nan da ta cancanci a nuna wa ɗalibai. 641 shi ne 5 × 2⁷ + 1, kuma shi ne 5⁴ + 2⁴. Daga na farko, 641 yana raba 5⁴ × 2²⁸ − 1. Daga na biyu, in an ninka da 2²⁸, yana raba 5⁴ × 2²⁸ + 2³². Bambancin waɗannan biyu shi ne 2³² + 1, don haka shi ma 641 na raba shi. Layi uku ne, amma sai wanda ya riga ya san 641 zai iya rubuta su.

Abin da ke ɗaure wa masu tarihi kai shi ne, Fermat yana da makamin a hannunsa. A cikin 1640 ɗin nan ya yi amfani da irin wannan dabara a kan 2³⁷ − 1: ya nuna masu raba shi dole su zama ninkin 74 da ƙarin 1, ya gwada 149 bai yi ba, ya gwada 223 ya yi. Me ya hana shi yin rabo biyar a kan adadin da ya fi wancan ƙanƙanta? André Weil, a littafinsa na tarihin wannan fanni na 1984, ya karkata ga cewa ya gwada ne ya yi kure a rabon, bai sake dubawa ba. Mu ma nan muka fi karkata, tare da ƙarin cewa misali biyar da suka yi daidai a jere suna rage wa mutum sha'awar sake duba na shida. Frénicle kuma, wanda ya fi kowa saurin lissafi a zamanin, ya yarda da maganar, sai kowannensu ya jingina da ɗan'uwansa.

Daga 1732 ke nan aka iya rubuta cikakken bayanin adadin dara. Gaɓoɓinsa bakwai ne: 3, 5, 17, 257, 641, 65 537 da 6 700 417. Babu wadda ta maimaitu, saboda haka babu murabba'in da ke raba shi sai 1. Masu raba shi 128 ne. Jimillarsu, ban da shi kansa, ta kai kimanin kashi 70 cikin ɗari nasa, don haka a rabon Nicomachus mai giɓi ne, duk da girmansa. Maƙwabcinsa na jerin Fermat, mai ƙarewa da 617, shi ma ya faɗi daga baya: Thomas Clausen a 1855 da Fortuné Landry a 1880 sun nuna 274 177 na raba shi.

5. Bayan Euler

Ana iya zaton faɗuwar maganar Fermat ta kashe amfanin jerinsa. Sai ga Gauss, ranar 30 ga Maris 1796, yana ɗan shekara 18, ya gano ana iya zana siffa mai gefe 17 daidai wa daida da kamfas da abin jan layi kawai. A littafinsa na 1801 ya faɗi ƙa'idar gaba ɗaya, Pierre Wantzel ya kammala hujjar ɗaya ɓangaren a 1837: siffa mai gefe mara tana zanuwa ta wannan hanya in yawan gefen ya fito daga ninka ƴan asalin Fermat, ba tare da maimaita ko ɗaya ba. Wannan ya kawo sabon aji wanda mutanen da ba su san shi ba, kuma ya raba allon dara gida biyu. Jimillar gida 32 na farko, 4 294 967 295, ita ce 3 × 5 × 17 × 257 × 65 537, don haka siffa mai wannan yawan gefe tana zanuwa a ƙa'ida, kuma ita ce mafi girma mai gefe mara da aka sani. Jimillar gida 64 kuwa ba ta cikin ajin, saboda 641.

A 1883 Lucas ya sake fito da adadin ta wata ƙofa, da wasan da ya kira Hasumiyar Hanoi, wanda ya sayar a ƙarƙashin sunan aro. A tatsuniyar da aka haɗa wa wasan, masu bauta a Banaras suna kwashe faifai 64 daga sanda zuwa sanda, ɗaya bayan ɗaya, ba a ɗora babba kan ƙarami. Mafi ƙarancin motsin da ake bukata shi ne 2⁶⁴ − 1, wato in ana motsi ɗaya a kowace daƙiƙa ta sakan, shekara miliyar 584 da ɗoriya. Tsohuwar tambayar girma ce ta dawo da sabuwar riga, daga hannun mutumin da ya fi kowa aiki a kan tambayar gaɓoɓi a zamaninsa.

A yau wanda ya fi yawan haɗuwa da waɗannan alƙaluma ashirin shi ne mai tsara aikin kwamfuta. A rubutun bibbiyu adadin 1 ne sau 64 a jere, wato mafi girman abin da gurbi 64 ke iya ɗauka, kuma irin wannan na'ura ta bazu a kasuwa tun daga 2003. In an ƙara masa 1, duk guraben su koma sifiri. Gida na 33 na al-Biruni, 4 294 967 296, shi ne yawan adireshin tsohon tsarin intanet, wanda babbar ma'ajiyarsa ta ƙare a watan Fabrairu na 2011. Gaɓa ta 65 537 kuwa ita ce aka fi amfani da ita a mabuɗin fili na tsarin ɓoye saƙo na RSA, tsarin da amincinsa ya dogara kan cewa ninka ƴan asali biyu abu ne mai sauƙi, gano su daga sakamakon kuwa abu ne mai wuya.

Game da jerin Fermat kansa, ba a sake samun ɗan asali ko ɗaya ba bayan 65 537. In an ba 3 lamba 0, 65 537 lamba 4, to daga lamba 5 har 32 an tabbatar duka haɗaɗɗu ne, amma zuwa lamba 11 kawai aka san gaɓoɓinsu gaba ɗaya. Na 20 da na 24 an san haɗaɗɗu ne ba tare da an samo ko gaɓa ɗaya tasu ba. Na 33, mai alƙaluma fiye da miliyar biyu da rabi, har yanzu ba a sanya shi a kowane aji ba, sai dai an san mara ne.